Gwanayen Dara da Ba a Rubuta Ba

Duk wanda ya tashi a Ruwan Gizo ko Bakura ya san zaman dara da la'asar: gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, in ka jera uku ka ci ɗaya. Wani tun yana saurayi yake bugawa har furfura, ba don kuɗi ba, sai don kada a ce an fi shi.

Darar Turawa kuwa daga Indiya ta faro wajen ƙarni na 6, ta bi ta Farisa ta shiga hannun Larabawa da sunan shaɗaranji. As-Suli, gwaninta a fadar Bagadaza, ya rasu wajen shekarar 946, amma har gobe ana nazarin dabarunsa, domin ya rubuta su.

Namu gwanayen fa? Kowanne ya tafi kabari da dabararsa. Yanzu kuma rashin tsaro ya watsa majalisu da dama a ƙauyukan Maradun da Talata Mafara.

'Yan uwa, ku nemi tsohon ɗan dara tun yana raye. Ku tambaye shi: wa ya koya masa, wa ya taɓa cinye shi?