Ginin Tunawa da Soja a Zariya: Sunan Bariki da Sunan Gida

1.0 Gabatarwa

A ƙauyukan Ingila da Faransa da wuya matafiyi ya ratsa dandali bai ga wani dutse a kafe ba, an zana masa sunayen samarin garin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Galibi mutanen garin ne suka yi karo-karo suka gina abinsu, sunayen da ke jiki kuwa na gidajen da kowa ya sani ne. Ƙasar Hausa ba ta gaji wannan al'ada ba, amma akwai abin da ya yi kusa da ita. Zariya tana cikin garuruwa biyar na Nijeriya da aka kafa wa ginin tunawa da sojan da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918; sauran su ne Ikko da Badun da Kalaba da Lakwaja. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin mutanen da aka yi ginin dominsu, sa'an nan ta nuna dalilin da ya sa sunayensu, ko da yake an adana su, ba su koma gidajen da suka fito ba.

2.0 Zariya da Aikin Soja

Dangantakar Hausa da sojan Turawa ta girmi mulkin mallaka a Arewa. Tun 1863 John Glover ya tara wata 'yar runduna a Ikko, yawancinta bayin da suka gudo daga hannun iyayen gijinsu, aka riƙa kiranta da sunan Hausawa. A 1897 aka ɗora wa Lugga nauyin kafa Rundunar Tsaron Iyakar Afirka ta Yamma, ita ce kuwa ta ci ƙasashen Daular Usmaniyya ta Sakkwato. Turawa sun kafu a Zariya a 1902, kuma daga nan ne Kanar Morland ya tashi da mayaƙa a ƙarshen Janairu 1903, Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu. Hafsoshin Turawa ne, amma masu riƙe da bindigogin baƙar fata ne, Hausa kuma ita ce harshen bariki.

Wannan asali shi ya shafa wa aikin soja baƙin jini a idon mutanen birni. Ɗan gidan malamai ko na sarauta ba ya shiga soja a wancan zamani. Masu shiga su ne bawan da ke neman 'yanci, da wanda haraji ko bashi ya kora daga gida, da 'yan ƙabilun da ke gefen masarautu, da baƙi daga ƙasashen da Faransa ke mulki. Tsarin garin ma ya nuna haka. Birni yana cikin ganuwarsa, bariki da Sabon Gari suna can ƙetaren Kubanni, Tudun Wada kuwa tana tsakani, a bayan Ƙofar Doka, inda aka ware domin 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun birni ba ne. Tun 1924 Zariya ta zama wurin horon kuratan soja, har yau kuma tana nan a kan wannan aiki.

3.0 Fagagen da Suka Faɗi

Ranar 1 ga Janairu 1914 aka haɗa sojan Kudu da na Arewa suka zama Rundunar Nijeriya, mai bataliya biyar. Wata bakwai bayan haka yaƙi ya tashi, a zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, aka tura su Kamaru wadda ke hannun Jamus. Farkon abin bai yi daɗi ba. A ƙarshen Agusta 1914 suka kai wa Garwa hari, aka kore su da hasara mai yawa, har shugabansu Laftanan Kanar Maclear ya mutu a wurin. Garwa ba ta faɗi ba sai Yuni 1915. Aka yi gumurzu a dutsen Banyo cikin Nuwamba na wannan shekara, sa'an nan Jamusawan da suka kafe a dutsen Mora suka miƙa wuya ranar 18 ga Fabrairu 1916.

Ba su gama hutawa ba aka sake kwasar su cikin jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas a ƙarƙashin Janar Cunliffe, suka sauka Darussalam a Disamba 1916. A bakin kogin Rufiji damina ta yanke hanyar abinci a farkon 1917, yunwa da zazzaɓi da atini suka yi musu ɓarnar da harsashi bai yi ba. A Mahiwa, daga 15 zuwa 18 ga Oktoba 1917, ɓangaren Ingila ya yi hasarar mutum kusan 2,700, tsakanin matattu da masu rauni, daga cikin kimanin 4,900, 'yan Nijeriya kuwa suna tsakiyar wutar. Waɗanda suka yi saura sun komo gida a farkon 1918.

An ƙiyasta cewa Nijeriya ta ba da soja kimanin 17,000 a wannan yaƙi, da 'yan dako fiye da 30,000. 'Yan dakon nan su ne suka ɗauki abinci da harsashi da gutsattsarin igwa a ka, da yawansu kuma ta hannun hakimai da dagatai aka tattaro su, ba da son ransu ba. Soja yana da lamba da suna a littafin bataliya. Ɗan dako sau da yawa ba shi da ko ɗaya, saboda haka in ya faɗi a hanya, shi ke nan an rufe babinsa.

4.0 Yadda Aka Yi Ginin

A 1917 Ingila ta kafa hukumar kula da kaburburan yaƙi, wadda ta yi alkawarin cewa duk wanda ya mutu za a tuna da shi da sunansa, ba bambancin muƙami ko addini ko launin fata. A Turai an cika wannan alkawari gwargwadon hali. A Afirka kuwa an bi wata hanya dabam. Baturen da ya mutu an yi masa kabari da dutse a kansa. Baƙar fata kuwa, ko da an san inda aka binne shi, sau da yawa sai a bar kabarin ya shafe, a tara sunaye a wuri guda. A 1923 Gwamnan Gwalkwas, Guggisberg, ya kafa hujja da cewa wai talakan ƙasar ba zai fahimci amfanin dutsen kabari ba. A Darussalam da Mombasa da Nairobi mutum-mutumin soja kurum aka kafa, ba suna ko ɗaya.

Idan aka dubi wannan, za a ga cewa gine-ginen Nijeriya, har da na Zariya, sun yi dama-dama, domin suna ɗauke da sunaye. Duk da haka bambancin yana nan. Hukumar da kanta ta amsa laifi a wani rahoto da ta fitar a Afrilu 2021, inda ta ce mutum 45,000 zuwa 54,000, yawancinsu 'yan Afirka da Indiya, ba a yi musu daidai da Turawa ba, kuma aƙalla 116,000 ba a rubuta sunayensu ko'ina ba. Ministan tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a gaban majalisa.

Wani zai ce ai Bahaushe Musulmi da ma ba ya gini a kan kabari. Tudun ƙasa ne da ɗan itace ko katanga, bayan 'yan shekaru ya baje. Gaskiya ne. Amma rashin gini a kan kabari ba ya nufin rashin riƙe suna. Mutanen da suka riƙe jerin sarakunan Zazzau, suka riƙe Tabkin Kwatto da Tsuntsuwa da Alwasa a rubuce da kuma a ka, ba za a ce ba su san darajar tunawa ba. Abin da ya faru shi ne ba a tambaye su ba.

5.0 Sunan Bariki

A nan ne babbar matsalar take ga mai nazari. Sa'ad da kurtu ya zo shiga soja, magatakarda yakan rubuta sunansa na yanka, ya liƙa masa sunan gari ko na ƙabila: wane Kano, wane Bauci, wane Zariya, wane Zabarma. Ba a rubuta sunan uba, balle unguwa ko gida. In masu suna ɗaya suka yi yawa, sai lamba ta raba su. Garin da aka rubuta kuwa yana iya zama mahaifarsa, yana iya zama inda aka ɗauke shi, yana kuma iya zama garin da ya ambata don ya ɓatar da sawu, musamman in bawa ne da ya gudo. Daɗin daɗawa, rubutun kunnen Bature ne, wanda ba ya rarrabe baƙaƙen Hausa masu ƙugiya.

Saboda haka mai “Zariya” a ƙarshen sunansa ba lalle ne Bazazzagi ba, Bazazzagin gaske kuma yana iya kasancewa a rubuce a Lakwaja ko Kalaba, domin rajistar soja bataliya take bi, ba mahaifa ba. Dutsen ƙauyen Ingila yana haɗa mamaci da danginsa. Na Zariya yana haɗa shi da rundunarsa ne. Ga kuma nauyin da ke zukatan jama'a a lokacin: daga Nuwamba 1914 Sarkin Musulmi na Santambul yana ɓangaren Jamus, don haka mutuwa a ƙarƙashin tutar Nasara ba abin da iyali za su yi shela da shi ba ne. Aka yi addu'a, aka yi sadaka in labari ya iso, aka yi shiru.

Ƙalilan ne sunansu ya tsira daga wannan duhu. Misali shi ne Chari Maigumeri, wanda ya fara aikin soja a wajen Jamus, aka kama shi a Garwa a 1915, daga baya ya shiga Rundunar Nijeriya, ya yi yaƙin duniya duka biyu, ya kai muƙamin babban samanja. Barikin Lakwaja yana ɗauke da sunansa. Shi ya rayu ya ba da labari. Na jikin dutse ba su sami wannan dama ba.

6.0 Yaƙi na Biyu da Tunawar Gida

A Yaƙin Duniya na Biyu, zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, 'yan Nijeriya fiye da 120,000 suka sa kaki. Sun shiga Mogadishu a Fabrairu 1941 suka nausa Habasha. Daga 1943 aka kai Runduna ta 81 da ta 82 ƙasar Bama, wadda yau ake kira Miyanma, suka yi yaƙi a kwarin Kaladan da Arakan, suka ci Myohaung a Janairu 1945. Tambarin ta 81 gizo-gizo ne, wanda Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayaninsa. Na ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye a kan gammo, watau an tuna da ɗan dako. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 sun shiga cikin mayaƙan Chindit da aka sauke a bayan dagar Japan a 1944, daga nan ne barikin Chindit na Zariya ya samo sunansa. Waɗanda suka mutu a Bama ba a san kabarinsu ba, sunayensu suna can a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, cikin kusan 27,000.

A wannan karo labarin soja ya shigo gida ta hanyar da dutse bai iya ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a Zariya a Janairu 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, tana kai labarin yaƙi ga masu karatun boko, tana kuma isa hannun soja a fagen fama. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, mazauninsa a Tudun Wada. Sa'adu Zungur, wanda ya yi zaman aiki a Zariya, ya tsara waƙar “Maraba da Soja” domin tarbar masu komowa. Harshe ma ya riƙe nasa rabon: soja da bariki da kurtu da kofur da saje da samanja da hafsa da fareti duk sun zama Hausa. Sai dai jarida da waƙa da kalma masu rai suka fi yi wa hidima. Ranar tunawa ma, wadda a da ake yi 11 ga Nuwamba, an mai da ita 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, sai matattun Garwa da Mahiwa suka ƙara nisa.

7.0 Kammalawa

Ginin tunawa na Zariya shaida ne iri biyu. Yana shaidar cewa mutanen ƙasar nan sun mutu a Kamaru da Afirka ta Gabas a yaƙin da ba su suka tayar ba, yana kuma shaidar yadda mai mulki ya san su: suna ɗaya, gari ɗaya, lamba ɗaya. Waɗanda suka ga yaƙin farko duk sun ƙaura, na biyu ma saura ƙalilan. Abin da ya rage yana hannun jikoki: lambar girma a ƙasan adaka, takardar sallama, laƙabin da aka gada, labarin kakan da ya tafi bai komo ba. Hukumar kaburbura ta sa jerin sunayenta a intanet, Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna yana da fayilolin Lardin Zazzau, tsofaffin kofen Gaskiya kuma suna nan. Aikin da ke gaban malamai da ɗaliban tarihi da na Hausa shi ne su gyara rubutun sunayen nan, su ɗauke su unguwa-unguwa, daga Tudun Wada zuwa birni da ƙauyuka, su gwada su da abin da iyalai suka riƙe. Kowane sunan bariki da aka gano sunansa na gida, an mai da mutum ɗaya cikin danginsa ke nan.