Wasan foka na mutum biyu

Wasan foka na mutum biyu nau'in caca ne na karta da 'yan wasa biyu kaɗai ke fafatawa. A tsarin Texas Hold'em, kowannensu yana riƙe da kati 2 a ɓoye, sannan a buɗe 5 a tsakiya daki-daki.

'Yan wasa sun sha bamban kan abin da ya fi wa mai kati masu ƙarfi. Wasu sun fi son ya zuba kuɗi domin mai kati masu rauni ya biya. Wasu kuma sun fi son ya yi likimo har abokin karawarsa ya zuba da kansa. Likimo yana kama mai yawan barazana, amma yana iya ba abokin karawa kati na gaba kyauta, wanda zai iya juya wasan.