Ba a Tilasta wa Kakanninmu Ba

'Yan'uwa matasa, mu da muka tashi a ikilisiyoyin Karaye da Rogo mukan ɗauki Kiristanci kamar gonar gado. Amma in mun duba tarihi, za mu ga kakanninmu ba gadonsa suka yi ba. Ji suka yi, suka auna, suka karɓa da kansu.

A shekarar 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller na mishan ɗin CMS suka iso Kano da bishara. Sarki Alu ya sallame su bayan 'yan kwanaki. Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta sa baki cikin addini ba, saboda haka shekara da shekaru aka taƙaita wa 'yan mishan shiga masarautu. Babu joji ko sojan da ya kora kowa zuwa majami'a a ƙasar Kano.

Ƙofa ta buɗe sannu a hankali. An buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A 1937 mishan ɗin SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a Yadakunya, a 1943 kuma ta buɗe asibitin ido a Kano. Daga nan aikin ya bazu zuwa karkara, har da Karaye, aka kuma horar da masu bishara a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa. Ikilisiyoyin da aikin SIM ya haifa su ne suka zama ECWA a 1954.

Yawancin waɗanda suka saurara a yankinmu Maguzawa ne, manoma masu zama gida-gida a bayan gari. Addininsu na ba-ni-in-ba-ka ne: a yanka kaza ko akuya don iskoki su bar gida lafiya, gona ta yi albarka. In cuta ta shigo, sai a nemi wanda aka ɓata wa rai, a biya. Ga irin wannan mutum ne mai bishara ya ce Allah ya riga ya ƙaunace shi tun bai kawo komai ba, kuma hadayar Yesu ta isa sau ɗaya tak. Wannan ne koyarwar Romawa 5:8.

Ƙaunar kyauta ce, amma karɓarta ta zo da tsada. Wanda ya bar tsafin gidansu yakan fuskanci fushin dangi, wani ma a hana shi aure. Wasu sun ji, suka zauna kan al'ada. Wasu suka musulunta. Wasu suka bi Almasihu, aka yi musu baftisma. A zuriya ɗaya akan sami duka ukun, shi ya sa har yau muke da kawunnai da gwaggwanni Musulmi, muna kuwa girmama su. Allah bai fasa ƙofar kowa ba.

Tsadar ba ta ƙare da zamanin da ba. A watan Afrilu 2015 aka ƙone majami'ar Baptist a Gidan Maso cikin Rogo. Masu bi a yankin ba su daina sujada ba.

To, ina namu zaɓin? Sunan Kirista a takardar makaranta ba ya ceto, zama a ƙungiyar mawaƙa ma haka. Yohanna 1:12 ya ɗora zama ɗan Allah a kan karɓar Almasihu, ba a kan haihuwa ba. Wasunmu kuma har yanzu ciniki muke da Allah, muna zaton baiko da azumi za su sa ya ƙara sonmu. Wannan tsohon tunanin yankan kaza ne ya sake riga.

Kakanninmu sun miƙa hannu wofi suka karɓa. Bari kowannenmu ya durƙusa a wannan mako, ya ba Ubangiji amsa da bakinsa.

Ya Uba, mun gode da ka fara ƙaunarmu. Ka ba mu zuciyar karɓa. Cikin sunan Yesu, Amin.