Lissafin Ƙura da Jini: Tarihin Gubar Dalma a Yammacin Zamfara, 2010 zuwa 2013

Ilmin hisabi daɗaɗɗe ne a zaurukan malaman ƙasar Hausa. Da shi ake raba gado, da shi ake ƙididdige nisabin zakka, kuma a wannan fanni Muhammad bn Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna har a Masar. Sai dai akwai wani reshe da ɗaliban addini ba su cika haɗuwa da shi ba, wato samfurin lissafi: a ɗauki wani lamari na zahiri, a rage shi zuwa ’yan adadi da alaƙar da ke tsakaninsu, sannan a yi hasashen abin da ido bai kai gare shi ba. Abin da ya auku a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ya nuna amfanin wannan reshe, ya kuma nuna iyakarsa.

Mutanen yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, manoma ne da makiyaya. Da farashin zinare ya haura dala 1,000 a kan kowane oza a 2009, sai da yawa suka karkata ga haƙa. Ana kawo duwatsun cikin gari, a farfasa su, a niƙa a injin niƙan hatsi ko a daka a turmi, a wanke garin, a kama zinaren da zaiba. Matan kulle ma sun sami abin yi a tsakar gidajensu. Abin da ba a sani ba shi ne wasu daga cikin duwatsun suna ƙunshe da dalma mai yawan gaske, kuma irin wadda ke saurin narkewa a cikin ciki.

A watan Maris na 2010 ma’aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suke bibiyar cutar sanƙarau, suka tarar yara suna jijjiga suna mutuwa, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya yi musu komai. Gwajin jini ne ya fito da gaskiya. Binciken hukumar CDC ta Amurka a ƙauyuka biyu ya nuna cewa kashi ɗaya cikin huɗu na yara ’yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Na’urar gwajin da aka zo da ita tana tsayawa ne a maikurogiram 65 cikin kowace desilita ta jini, jinin yara da yawa kuwa ya zarce abin da take iya karantawa. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 ne suka rasu, a Dareta da ’Yargalma da Abare da Sunke da maƙwabtansu.

A nan lissafi ya shigo. Injiniyoyin kamfanin TerraGraphics, ƙarƙashin Ian von Lindern, sun daɗe suna aikin tsarkake yankin Bunker Hill a jihar Idaho ta Amurka, inda aka yi amfani da samfurin IEUBK wanda hukumar kare muhalli ta ƙasar ta fitar a 1994. Tushen samfurin mai sauƙin fahimta ne. Yaro yana haɗiyar ƙasa da ƙura kullum ta hannu da abinci. Idan an ɗauka yana haɗiyar miligiram 100 a yini, ƙasar kuma tana da kashi 400 na dalma cikin miliyan, wanda shi ne haddin Amurka a lokacin ga filin wasan yara, to ya ci maikurogiram 40. Idan ƙasar tana da kashi 100,000, kamar yadda aka auna a wasu wuraren niƙa a Zamfara, ya ci 10,000. Daga nan a lissafa abin da hanji ke tsotsa, wanda ga ƙaramin yaro yakan kusanci rabi, sannan a bi dalmar yadda take zagayawa tsakanin jini da tsoka da ƙashi. A jini rabinta kan fita cikin kusan wata guda, amma a ƙashi takan zauna shekaru tana komowa sannu a hankali.

Malamin usulu zai gane irin wannan aiki da wuri, domin ɗan’uwan ƙiyasi ne: ana ɗora hukuncin asali a kan reshe saboda illar da ta haɗa su, abin da ake samu kuwa zato ne mai rinjaye. Zai kuma tambayi ko reshen ya yi daidai da asalin. A gaskiya bai yi ba ta fuskoki da dama. Masu samfurin da kansu sun yi gargaɗin kada a dogara da hasashensa idan dalmar jini ta wuce maikurogiram 30, yaran Zamfara kuwa da yawa sun haura 100. Yaron Idaho yana rarrafe a kan siminti da darduma; na Dareta yana wasa a kan ƙasa, cikin ƙurar hunturu, yana cin tuwon da aka daka hatsinsa a turmin da aka daka dutse. Dole aka koma ga awo na zahiri, gida gida, da na’urar hannu mai karanta dalmar ƙasa nan take.

Duk da haka, hukunci mafi nauyi daga wancan tunani na shiga da fita ya fito. Maganin DMSA yana janye dalma daga jini, to amma idan abin da yaro ke haɗiya kullum ya fi abin da magani ke fitarwa, an yi aikin banza. Saboda haka aka tsayar da ƙa’ida: a tsarkake gida tukuna, sannan a ba da magani. Aka kankare ƙasar da ta haura kashi 1,000, aka binne ta a ramuka na musamman, aka shimfiɗa sabuwa. Sarakuna da hakimai suka ba da umarnin fitar da niƙan dutse daga cikin gari, kuma da yardarsu aka shiga gidajen kulle. Zuwa ƙarshen aikin an kwashe sama da mita 27,000 ta ma’aunin cika daga gidaje da wuraren aiki 820 a ƙauyuka takwas, galibi da shebur da baro.

Wannan ƙa’ida ta yi tsada a Bagega, garin da ya fi sauran girma. Yara kimanin 1,500 suka zauna jiran magani saboda ba a saki kuɗin tsarkakewa ba, likitoci kuwa suna kallo, lissafi ya ɗaure musu hannu. Sai a watan Janairu na 2013, bayan matsin lambar masu fafutuka irin su Hamzat Lawal, gwamnatin tarayya ta saki kimanin dala miliyan 4, aka kammala aikin a shekarar. Bayan shekara biyu, a 2015, irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.