Galahanga da Ciwon Ciki: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani Game da Abincin Yaro

Galahanga lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma. Yakan yi jinkirin magana, ba ya son haɗa ido da mutane, kuma yakan yi ta maimaita abu guda. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya yi bayaninta a 1943, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, kuma ba abinci ke kawo ta ba. Amma an tabbatar waɗannan yara sun fi sauran yara fama da matsalar ciki: taurin bayan gida, gudawa, kumburi da murɗa.

Yadda za a gane

Yaron da ba ya magana ba zai ce "Mama, cikina" ba. Sai dai a ga yana danna ciki jikin kujera, yana farkawa tsakar dare da ihu, yana cizon hannu ko buga kai da bango. A nan ne ake cewa rigimarsa ta tashi, har a kai ga duka, alhali ciwo ne ke cin sa. Kafin a ɗaga hannu, a fara tambaya: yaushe rabonsa da bayan gida?

Madara

Akwai sukarin da ke cikin madara, ana kiransa laktos. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma jikinsu na rage iya narkar da shi bayan yaye, ko da yake Fulani makiyaya da yawa suna iyawa har girma. Mu da muka tashi a gidan fataucin shanu ba mu saba jin an ce madara na damun wani ba, amma tana yi. Alamar ita ce kumburi, tusa da gudawa cikin 'yan awanni bayan sha. Nono da kindirmo sun fi sauƙi, domin tsamin ya rage sukarin. A lura kuma: warar da ake sayarwa a ƙasar Yarabawa cukun madarar shanu ce, ba awarar waken suya ba.

Alkama

Cikin alkama akwai sinadarin gulutin. Yana cikin burodi, biskit, taliya, Indomie da Semovita, wato abincin da ya fi yawa a hannun yaranmu a Agege da Sabon Ibadan. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, doya da rogo babu shi a cikinsu. Akwai cutar hanji da gulutin ke tayarwa, ana gano ta da gwajin jini. Amma dole a yi gwajin yaro na cin alkamar. In an riga an daina ba shi, sakamakon zai iya ɓata.

Borin jini daban ne

In yaro ya ci gyaɗa, ƙwai ko kifi, sai leɓe ya kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi ya yi wuya, wannan ba rashin narkewa ba ne. A garzaya asibiti nan take.

Yadda ake gwadawa

A samu littafi, a yi mako 2 ana rubuta abin da ya ci, bayan gidansa da barcinsa. Sannan, da shawarar likita, a cire abu ɗaya tak na mako 2 zuwa 4, a sake dawo da shi a gani. In an cire uku a lokaci guda, ba za a san mai laifin ba. Don taurin bayan gida kuwa, a yawaita ruwa, wake, gwanda, lemu, miyar kuka, kuɓewa da zogale.

Hattara

Bincike bai nuna cewa hana madara da alkama na warkar da galahanga ba. Abin da ake samu shi ne, wanda cikinsa ke ciwo in ya samu sauƙi, barcinsa da natsuwarsa sukan gyaru. Yawancin yaran nan dama tsirar abinci gare su, wani kala biyu ko uku kawai yake ci. In aka ƙara hana shi, ƙashinsa na iya rasa kalsiyam, ya rame. In an cire madara, a maye da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, da ganye.

Batun cewa rigakafin ƙyanda ke lalata hanji ya kawo galahanga, daga rahoton Andrew Wakefield na 1998 ya samo asali. Mujallar Lancet ta janye rahoton a 2010, kuma aka soke lasisinsa na likita a Ingila. Kada a fasa rigakafi, kada kuma a zuba kuɗi wajen masu tallan maganin "wanke hanji".

Mai neman likita ya fara da sashen yara na babban asibitin da ke kusa, ko asibitocin koyarwa irin su UCH a Ibadan da LUTH a Legas. A tafi da littafin nan a hannu. Allah Ya ba yaranmu lafiya, Ya ƙara wa iyaye haƙuri.