Gangar Ƙofar Fada: Yadda Talakan Sin Yake Kai Kuka

A shekarar 1368, da Zhu Yuanzhang ya kafa daular Ming, ya sa aka girke wata ganga a wajen ƙofar fadarsa da ke Nanjing, aka kuma ɗora wa jami'an sa ido zaman gadinta kullum, yau wannan gobe wancan. Talakan da aka zalunta, ya bi hakimi ya bi gwamna bai samu mai share masa hawaye ba, yana iya zuwa ya buga ta, kuma wajibi ne a isar da maganarsa ga sarki. Ba Zhu ya ƙago al'adar ba. Tun ƙarni na 3 ake ambaton irin wannan ganga, a zamanin daular Song ma ofishi guda aka ware mata. Sai dai shi ɗan manoma ne, yunwa da annoba suka kashe iyayensa, ya yi yawon bara kafin ya ɗauki makami, don haka ya san irin abin da ƙaramin ma'aikaci yake yi wa wanda ba shi da kowa.

Amma gangar ba a banza ake buga ta ba. Dokar Ming, wadda daular Qing ta gada, ta ce wanda ya tsallake alƙalin yankinsa ya kai ƙara sama za a yi masa sanda 50, wanda kuma ya buga ganga aka gano maganarsa ba gaskiya ba ce, sanda 100. Ko mutum ya tsira daga wannan, yawanci takardarsa lardin da ya fito ake mayar da ita, a ce su sake dubawa. Wato hannun da ya mare ka shi za a miƙa wa kukanka.

Shari'ar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Yang Naiwu. A ƙarshen 1873, a gundumar Yuhang ta lardin Zhejiang, wani mai aiki a shagon awara, Ge Pinlian, ya kwanta ciwo ya mutu. Matarsa Bi Xiugu, wadda mutanen gari suke kira 'Yar Kabeji, ta taɓa zaman haya da mijin a gidan Yang, malamin da ya ci jarrabawar lardi a wannan shekarar, kuma tun lokacin ake tsegumi a kansu. Mai binciken gawa ya yi gwaji da allurar azurfa, ya ce guba ce. Alƙalin gunduma Liu Xitong ya sa aka azabtar da matar har ta ce Yang ne ya ba ta gubar. Shi ma Yang aka gana masa azaba har ya amsa laifin da bai yi ba. Aka tursasa wani mai sayar da magani ya shaida cewa a wurinsa aka saya. Hukunci ya fito: ita a yayyanka ta, shi a sare masa kai. Maganar ta hau mataki-mataki har gaban gwamna, kowa yana sa hannu a kan abin da na ƙasa da shi ya rubuta.

Mata biyu ne suka ƙi yarda, yayar Yang da matarsa. A 1874 aka kai ƙarar Beijing, tafiyar fiye da kilomita 1,000, har sau biyu, kuma duka biyun aka mayar da ita Zhejiang, inda aka sake tabbatar da hukuncin. Abin da ya bambanta wannan shari'a da dubban irinta shi ne jaridar Shenbao ta Shanghai, wadda aka kafa a 1872, ta riƙe labarin ta ƙi saki, sannan manyan ma'aikata 'yan asalin Zhejiang da ke Beijing suka haɗa kai suka rubuta koke. A farkon 1877 aka ɗauko akwatin gawar zuwa Beijing, aka buɗe a gaban jama'a, aka duba ƙasusuwan, ba alamar guba. Aka kori gwamna Yang Changjun, aka tura Liu Xitong gudun hijirar dole zuwa Heilongjiang. Masana tarihi da dama suna ganin fadar Cixi, mai riƙon sarauta a lokacin, ta samu hanyar rage wa gwamnonin larduna ƙarfi ne. Yang ya fito daga kurkuku da jiki a lalace, ba a mayar masa da matsayinsa na karatu ba. Bi Xiugu ta ƙare rayuwarta a gidan ibadar mabiya Buddha.

Sarauta ta faɗi a 1912, al'adar ba ta faɗi ba. A watan Yuni na 1951 gwamnatin kwaminis ta fitar da ƙa'ida kan karɓar wasiƙu da ziyarar jama'a, tsarin da Sinawa suke kira xinfang. Bayan shekara shida aka yi wa amana mummunan rauni. An gayyaci malamai da marubuta su fito su soki jam'iyya a gangamin Furanni Ɗari, suka fito, sai a tsakiyar 1957 aka juya musu baya, aka yi wa mutum kusan 550,000 tambarin 'yan ra'ayin riƙau. Duk da haka, bayan rasuwar Mao, mutane suka yi ta kwarara Beijing a 1979 suna neman a wanke sunansu, kuma a ƙarƙashin Hu Yaobang, jigo a jam'iyyar, an wanke da yawa.

A kudancin Beijing, wajen Yongdingmen, nan ofishin karɓar koke na ƙasa yake. Kusa da tashar jirgin ƙasa ta kudu har unguwa guda masu kai kuka suka kafa, ta bukkoki da ɗakunan kwana masu arha, kafin a rushe ta gab da gasar Olympics ta 2008. Mai shirya fim Zhao Liang ya shafe fiye da shekara goma yana ɗaukar su a fim ɗinsa na 2009. Za ka ga tsohuwa riƙe da jakar leda cike da kwafin takardu masu jan hatimi, an ƙwace mata gona ko an kashe mata ɗa, tana layi tun kafin gari ya waye don a ba ta fom. A bakin titin kuma ga mutanen da lardinta ya turo, suna kasa kunne su ji karin harshen garinsu, su tare mai shi kafin ya kai taga. Dalili kuwa a fili yake: an riƙa jera larduna bisa yawan masu koken da suka isa Beijing, kuma yawansu yana iya hana shugaban gunduma ƙarin girma. Wanda aka tare, ko a mayar da shi gida a mota, ko a kulle shi a wani masauki da babu sunansa a kowace doka.

A 2004 Yu Jianrong, na cibiyar nazarin zamantakewa ta ƙasar, ya yi bincike a tsakanin manoman da suka zo kai kuka. Ya gano cewa kusan biyu cikin 1,000 ne suke samun biyan buƙata. Lambar da ta fi wannan taɓa ni ita ce ta biyu. A ranar da suka iso, fiye da kashi 90 cikin 100 sun yi imani gwamnatin tsakiya tana maraba da su. Bayan mako guda, masu wannan imani ba su kai kashi 40 ba.

Masu binciken jami'ar Harvard, da suka yi ta tambayar Sinawa daga 2003 zuwa 2016, sun samu a 2016 fiye da kashi 90 cikin 100 suna cewa sun gamsu da gwamnatin tsakiya, gamsuwar kuma tana raguwa yayin da ake gangarowa zuwa hukumar ƙauye. Akwai tsoro a irin wannan amsa, akwai kuma gaskiya, domin mutane sun ga hanya da wuta da asibiti. Mu ma muna cewa babu mugun sarki sai mugun bafade, kuma na yi imani wannan tunani ne ya riƙe gangar tsawon ƙarnoni. Yana amfanar na sama, tunda laifi kullum a ƙasa yake tsayawa. Ni ban yarda da shi ba. Wanda ya naɗa bafade, ya kuma auna shi da yawan bakin da ya toshe, yana da kaso a laifin.

An yi gyare-gyare, kuma bai kamata a raina su ba. A 2012 aka yanke wa Tang Hui, wata uwa daga Hunan da ta nace tana neman haƙƙin 'yarta da aka yi wa fyaɗe, wata 18 a sansanin horo da aiki. Jama'a suka yi ca a intanet, aka sake ta cikin kwanaki, a 2013 kotu ta ba ta diyya, a ƙarshen shekarar aka soke sansanonin gaba ɗaya. A wannan shekarar aka daina jera larduna, aka kuma buɗe kafar shigar da koke ta intanet. Sai dai daga 1 ga Mayu, 2014, ofishin Beijing ya daina karɓar mai koken da ya tsallake hukumar yankinsa. Manomin da shugaban gunduma ya ƙwace wa gona, a gundumar zai fara shigar da kukansa.