Kogin Bunga da Tafkin Chadi: Tarihin Binciken Kifi da Abin da Ya Koya Mana

Duk wanda ya tsaya a bakin Kogin Bunga a Gwaram cikin watan Agusta, ya ga ruwa ya yi ja yana tafe da ƙarfi, da wuya ya kawo Tafkin Chadi a ransa. Amma can ruwan nan ya nufa. Daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratso ƙasar Ningi da Gwaram, a gaba sunansa ya koma Kogin Jama'are. Kafin Gashuwa ya gamu da Kogin Haɗejiya, su zama Komadugu Yobe, wanda ya ke faɗawa tafkin kusa da Malam Fatori. Saboda haka mutanen Gwaram da maƙwabtansu na Birnin Kudu suna da haƙƙi a cikin labarin binciken da aka yi a kan kifin tafkin nan.

Binciken ya kankama ne a shekarun samun mulkin kai. A cikin 1964 Bafaranshen nan Jacques Blache ya fitar da littafinsa a kan kifayen yankin Chadi. A wannan shekara kuma Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Nijeriya ta buɗe tasharta ta bincike a Malam Fatori, inda A. J. Hopson ya yi shekaru yana nazarin giwan ruwa. A lokacin faɗin tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, ana kuwa ɗibar banda daga Baga zuwa kasuwannin Kudu.

Babban abin da masanan suka gano shi ne, kifin tafki da yawa ba a tafki su ke hayayyafa ba. Jean-René Durand ya bi diddigin wani irin ƙawara, ya tarar da ita kan haura kogunan Shari da Logone sa'ad da ruwa ya fara cika, ta zuba ƙwai. Idan ambaliya ta malale fadamu, ciyawa da kashin shanu su ruɓe, su haifar da ƙananan ƙwari, 'ya'yan kifi su samu abinci da maɓoya. Ruwa na janyewa sai su biyo shi su komo kogi, daga nan su gangara tafki. Ashe fadama ita ce uwar kifi. Masuntanmu sun daɗe da sanin wannan a aikace. Shi ya sa a wurare da yawa na ƙasar Hausa Sarkin Ruwa kan hana taɓa gurbi har ranar da aka tsayar don su.

Ba a jima ba sai fari ya gwada gaskiyar maganar. A cikin 1973 ruwa ya ja baya har tafkin ya rabu biyu. Kafin tsakiyar shekarun 1980 faɗin ruwansa bai kai kashi ɗaya cikin goma na dā ba. Giwan ruwa da ƙawara, masu son ruwa mai faɗi, suka yi ƙaranci ƙwarai, tarwaɗa da karfasa da bargi, masu jure wa ruwan fadama, suka maye gurbinsu. A cikin wannan hali ne, a 1975, gwamnati ta kafa Cibiyar Binciken Tafkin Chadi, wadda hedkwatarta ta ke Maiduguri, da kuma ta Tafkin Kainji a Sabuwar Busa.

Lalle mu faɗi gaskiya: kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan tafkin daga Shari da Logone ya ke zuwa, rabon Yobe kaɗan ne. Amma darasin da aka koya a can ya tabbata a nan gida. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai ambaliyar Kogin Haɗejiya ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudana rani da damina. Wannan ya ba kacalla dama ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗejiya da Nguru, masunta da manoma suka ji jiki.

To, a nan ne darajar Kogin Bunga ta fito. Shi ne babban reshen da ba a datse ba, shi ne kuma mai kai mafi yawan ruwan da ke wucewa ta Gashuwa. Tun shekarun 1980 aka fara aikin madatsar Kafin Zaki a kansa, cikin ƙasar Ningi, aikin ya tsaya, jayayya kuwa ba ta ƙare ba tsakanin masu son noman rani da mutanen Yobe da Borno. Ba aikin wannan maƙala ba ne ta raba gardamar. Sai dai duk mai yanke hukunci ya kamata ya san abin da fadama ta ke bayarwa kafin ya tsare mata ruwa.

Roƙonmu ga malaman kwalejojin horon malamai shi ne su tura ɗalibansu wurin tsofaffin masuntan Gwaram da Birnin Kudu, su rubuta sunayen kifi, da watan zuwan kowanne, da waɗanda aka daina gani. Tasoshin bincike sun auna tafki, sun ƙidaya kifinsa. Labarin kan kogi kuwa yana bakin dattawa, dattawa kuma ba su jiran mai alƙalami. Allah ya sa mu dace, amin.